Akuyar da Na Hana Ubangiji

Litinin, 2 ga Oktoba, 2023

Jiya Fasto ya sanar da ranar Godiyar Kaka: Lahadi, 19 ga Nuwamba. Kowane gida ya kawo abin da ya yi niyya, a shiga da shi da rawa, bayan sujada a yi gwanjonsa, abin da aka samu ya tafi aikin ikilisiya. Yana rufe baki Mama Rifkatu, Uwar Zumuntar Mata, ta waiwayo daga bencin gaba ta yi min murmushi. Na san murmushin nan. Na akuya ne.

Bari in rubuta yadda aka yi, don kada wata rana in ƙara wa maganar gishiri. A watan Maris motar albasar da mijina Baban Ƙauna yake tuƙawa ta kife a hanyar Yawuri. Aka kawo min shi ƙafar dama a karye wuri biyu, likita har yana maganar yankewa. Alhamis ɗin makon, a taron Zumunta, na durƙusa gaban mata sun fi talatin, hawaye da majina, na ce: Ubangiji, in ka tashe shi ya taka ƙasa da ƙafarsa, jar akuyata taka ce ranar Godiya. Kowa ta ji. Kowa ta ce amin.

Lokacin awakina biyar, fitar da ɗaya ba wani abu ba ne. Yanzu huɗu sun bi asibiti da magani, 'Yar Ja kaɗai ta rage a turke. Ita ce abu na ƙarshe a gidan nan da za a ja zuwa kasuwa a dawo da abinci.

To, ya tashi. Da sanda. Ƙafar ta gajarce, gwiwar ba ta lanƙwasuwa, ba za ta sake taka birki ba. Alhaji Junaidu mai motar ya zo dubiya sau biyu, har da shinkafa, mutumin kirki ne, amma sabuwar motarsa wani ke jan ta. Ubangiji, da na ce ya taka ƙasa ai ka san abin da nake nufi. Ya taka ya tafi nema, ya dawo da cefane. Kai ba yaro ba ne da sai an yi maka dalla-dalla.

Ba zan kai ta ba. Na rubuta, in ga wanda zai goge.

Laraba, 4 ga Oktoba

Niƙa uku injina ya samu tun safe, markaɗe ɗaya. Tun da fetur ya yi tashin gwauron zabo matan Ƙofar Rini suka tuna suna da turmi. Wadda ta zo kuma sai ta langaɓe kai, "Maman Ƙauna, a rage muna," sai ka ce ina da rijiyar mai a bayan ɗaki.

Hajjo maƙwabciyata ta miƙo ƙasarin gero ta katanga kamar kullum. 'Yar Ja ta shanye har da lashe kwano. Ita kaɗai ke ƙiba a gidan nan.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Lokacin zuba baiko a coci na bi layi da rawata, hannu a dunƙule. Na zura shi can cikin kwando na buɗe. Ba komai a ciki.

Na san ka gani. Da ma don ka gani na yi.

Talata, 10 ga Oktoba

Gabana sai faɗuwa yake tun asuba, ba dalili. Ko kuma dalilan ne suka yi yawa.

Asabar, 14 ga Oktoba

Mutumin nan yana ba ni haushi, kuma ba shi da laifi, shi ya sa haushin ya fi ci.

Kullum da safe sai ya fito tsakar gida ya yi abin da likita ya ce: daga ƙofar ɗaki zuwa turke, daga turke zuwa ƙofar ɗaki. Ƙwas, ƙwas, sandar tana duka, ƙafar tana biyowa a baya kamar ba ta so. In ya isa turke ya tsaya ya sosa wa akuyar kai yana yi mata hira. Yau na ji yana ce mata, "Sati biyar ya rage miki, Hajiya. Ki ci da kyau, kada ki ba mu kunya gaban jama'a."

Bai san na soke maganar ba. Ban gaya masa ba.

Da rana na tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, ba mai, ba daddawar kirki. Ya sa mu riƙe hannu ya yi addu'ar godiya mai tsawo, har da gode wa Allah saboda inuwar dalbejiyar ƙofar gida. Ƙaramar 'yarmu Alheri ta buɗe ido ɗaya tana duba ko tuwon yana nan. Ni ban rufe nawa ba tun farko. Mutumin da ya san Legas da Fatakwal kamar tafin hannunsa, yau yana godiya saboda inuwar bishiya. Na so in yi kuka, sai na yi wa Ƙauna faɗa a kan ludayi.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Bayan taron Zumunta Mama Rifkatu ta ja ni gefe. Wai yaya baƙuwarmu ta ranar Godiya. Na ce tana nan tana ci. Ta ƙura min ido, tsohuwar nan tana karanta fuska kamar allo. Ta ce, "Damaris, alkawari kaya ne."

Na ce, "Haka ne, Mama. Amma ba kai ɗaya yake hawa ba."

Ta ce in yi hattara da bakina. Na ce bakin ne ya jawo min tun farko.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita 'ya'yanta biyu suna aikin gwamnati.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Ban je sujada ba. Na ce kaina ke ciwo, kuma da na faɗa sai ya fara. Baban Ƙauna ya tafi da yara a Keke Napep ɗin wani ɗan cocinmu.

Gida ya yi tsit, sai na rufe ƙofa na durƙusa. Ban yi waƙa ba, ban yi yabo ba, na shiga magana kai tsaye. Na ce, Uba, ni ba ɓarauniya ba ce. Ba cin amanarka nake so in yi ba. Ga sharaɗi, kuma mai sauƙi ne: ka ba shi aiki kafin 19 ga Nuwamba. Ko gadi ne. Ko yankan tikiti a tasha, yana zaune. Ranar da aka kira shi, ni da kaina zan wanke akuyar nan in ɗaura mata ƙyalle in kai maka ita da guɗa. In ba haka ba, kowa ya riƙe nasa.

Na jira ko zan ji wani abu a zuciyata, irin wanda mata ke ba da shaida sun ji. Ba abin da na ji sai 'Yar Ja tana tuƙa.

Amma fa na rufe da sunan Yesu. Faɗan cikin gida ne, ba fita na yi ba.

Juma'a, 27 ga Oktoba

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ina tsakiyar niƙa wa wata mata masara bel ɗin inji ya tsinke, ya wuce ta gefen kunnena. Mai gyara ya duba ya ce ba bel kaɗai ba, faifan niƙan ma ya cinye, sai an sake. Na mayar wa matar masararta rabi gari rabi tsaki, ta tafi tana mita har bakin titi.

Wannan ce amsar? Na roƙi aiki ɗaya, ka ɗauke wanda ke akwai?

Kwanon awo ya fara kartar gindin buhu. Na san ƙarar nan, tun ina yarinya na san ta.

Talata, 31 ga Oktoba

Kunu da safe, kunu da rana. Alheri ta tambaye ni ko azumi muke yi. Na ce eh. Ta ce na me. Na ce ta je ta tambayi babanta, shi ne mai dogayen addu'o'i.

Na yanke. Zan sayar da ita, in gyara inji, in auno dawa. Jibi Baban Ƙauna zai je asibiti gashin ƙafa, sai azahar yake dawowa. Na ce wa Hajjo ta turo min mijinta Sodangi, tunda mahauci ne kuma ba ya cutar maƙwabci a ciniki. Daga bayan katanga ta ce, "Wace akuya?" Sai ka ce garke gare ni.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Yau na sha kunyar da ban taɓa sha ba, kuma a tsakar gidana.

Sodangi ya yi sallama wajen ƙarfe goma, da hularsa a karkace. Ya kama 'Yar Ja ya buɗe bakinta, ya matsa gadon bayanta, ya shafa cikinta. Ya sake shafawa. Ya ɗago yana dariya.

"Maman Ƙauna, wagga ai ciki gare ta. In hannuna bai yi man ƙarya ba, biyu na."

Ban sani ba wallahi. Na ɗauka ƙasarin Hajjo ne. Na ce to sai ya ƙara kuɗi, ya kai wa masu kiwo. Ya fara lissafi da yatsu ke nan sai ga kan Hajjo bisa katanga, ta taka turmi don ta leƙo.

"Malam, ka dai tambaye ta. Wagga fa ita ta ta bakance, wadda ta yi ma Allah alkawali."

Ni na ba ta labarin da bakina a watan Maris, tana riƙe da ni ina kuka. Ga sakayyar.

Sodangi ya saki igiyar kamar ta ƙone shi. Ya ce, "Bakance kinka yi da ita?" Na ce a coci na yi, ba ruwansa, maganar tsakanina da Ubangijina ce. Ya ce, "Ko cikin rijiya kinka yi, ai Ya ji. Abin da anka yi ma Allah alkawali ba ni sa mai kuɗɗina, ba ni sa mai wuƙata. Ina da ɗiya ni ma."

Na ce bai cika nasa ba, don me zan cika nawa. Ya dube ni kamar na fito ba ɗankwali. Ya ce, "Mijinki Ishaya da anka kawo kwance bisa katifa, ba shi na ka gaishe ni tsaye kullum ba?" Ya gyara hularsa ya fita.

Na ce wa Hajjo ta sauka daga turmin kafin ta faɗo, munafuka. Ta ce, "Zage ni yau, ki gode man gobe." Ba zan gode ba.

Da la'asar sai ga ƙullin ƙashi da kayan ciki daga Sodangi. Na so in mayar. Na duba yara, na ɗora tukunya.

Juma'a, 3 ga Nuwamba

Ɗaya na yi maka alkawari. Yanzu uku kake nema a bakin ɗaya, har ka sa Musulmi suna yi maka gadi. Ban san ka da wayo haka ba.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Sakkwato ba Sodangi kaɗai ke sayen akuya ba. A Kara, kasuwar dabbobi, ba wanda ya san ni, ba wanda zai tambayi tarihinta. Juma'a Baban Ƙauna zai koma asibiti. Yana fita, ina fita.

Mama Rifkatu ta aiko wai Alhamis a gidana za a yi taron Zumunta, su zo su yi wa gidan addu'a. Na san Hajjo ba ta zuwa coci, to wa ya kai rahoto? Fuskata, halan. Su zo. Tabarma dai ina da ita.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Ko ba na so, sai na rubuta wannan.

Sun zo su goma sha huɗu, cikin zanen Zumunta, da gora da tulun kiɗa. Wasu sun riƙo ɗan gero a leda, suka ajiye bayan ƙofa a ɓoye wai kada in ji kunya. Na gani. Baban Ƙauna ya gaishe su ya shige ɗaki ya saki labule, tunda taron mata ne.

Aka yi waƙa, aka yi addu'a. Sai Mama ta ce a gidan nan Ubangiji ya yi abin al'ajabi a bana, bari uwar gida ta tashi ta ba da shaida, ta ƙarfafa masu rauni. Na ce a tsallake ni. Ta ce ba a tsallake mai gida. Na ce ba ni da abin faɗa. Wata daga baya ta ce, "Haba Damaris, ga akuyar ma tana jiran ranarta." Aka yi dariya.

Dariyar ce ta tunzura ni. Na miƙe. Na ce tunda shaida kuke so, ga ta. Na ce wata takwas ina durƙuso har gwiwata ta yi kanta. Na ce injina ya mutu, buhuna ya ƙare, 'yata tana tambaya ko azumi muke. Na ce akuyar nan ba inda za ta je sai Kara. Mama ta ce, "Damaris, zauna." Ban zauna ba. Na ce, "Miji na roƙa a tsaye, Mama. Rabi aka maido min. Wanda ya biya rabi ba ya ɗaukar kaya duka."

Sai na ga duk idonsu ba a kaina yake ba, yana kan labulen ɗaki. Iska ba ta kaɗa shi ba, ba abin da ya yi. Labule ne kawai, na atamfa, wanda ko tari aka yi a bayansa ana ji.

Mama ta rufe taron da gajeriyar addu'a. Suka fita ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallona. A bakin ƙofa ta riƙe hannuna ta ce a hankali, "Shiga wurin mijinki." Ban shiga ba. Na tsaya naɗe tabarmi, na naɗe, na warware, na sake naɗewa.

Magana zarar bunu.

Juma'a, 10 ga Nuwamba

Bai je asibiti ba. Bai fito tsakar gida ba. Na kai masa kunu ya ce in ba yara.

Wajen hantsi ya kira ni. Yana zaune bakin gado, ƙafar a miƙe. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Maman Ƙauna, na ji kina son kai ta Kara. Ki kai, ba zan hana ki ba. In kin sayar ki raba biyu ki kai wa coci rabi, tunda rabi aka ba ki. Kada a ce kin ci nasa."

Na ce ba haka nake nufi ba. Ya ce to. Ya juya fuska bango.

Na fita na kwance igiyar daga turke. Hanya a buɗe, ba mai tsare ni, ba Hajjo bisa turmi. Na kai har zaure. Na tsaya a nan ban san iya lokacin ba, ita tana cin gefen zanena. Na dawo na ɗaure ta.

Ba don kai na fasa ba, Ubangiji, kada ka yi murna. Ƙafata ce ta ƙi.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Kwana uku ban ji sandar nan a tsakar gida ba. Da ina cewa tana hana ni sakat. Yanzu sai in tsinci kaina na tsaya da tsintsiya a hannu ina saurare.

Ba wanda ya je sujada yau.

Ban janye ba, ka ji. Abin da na faɗa kai na faɗa wa. Kai ka san labulen nan ba ya tare magana, me ya sa ba ka kama bakina ba? Ka iya sa mahauci ya saki igiya, ka kasa sa ni in yi shiru?

Laraba, 15 ga Nuwamba

Hajjo ta samo min aikin surfe a gidan 'yar'uwarta da ke shirin suna a Ƙofar Marke. Ni mai inji, yau ni ce da taɓarya tun safe har azahar. Tafin hannuna ya yi ƙulu-ƙulu. An sallame ni da gero da ɗan abin cefane. Mun yi magana da Hajjo a hanya kamar ba abin da ya faru, amma ban gode mata ba, kuma ta lura.

Na yi masa fura mai kyau, da nono na gaske, irin wadda yake tsayawa sha a Bodinga in zai yi doguwar tafiya. Na durƙusa na ajiye. Ni ban iya ban haƙuri ba, tun a gidanmu an san ni. Na ce, "Baban Ƙauna, maganar ran nan, da Allah nake faɗa, ba da kai ba."

Ya ce, "Na sani. Amma ni ne kayan da ake cinikin."

Ya sha furar rabi, ya ture sauran. Ban san ko da gangan ya yi ba. Ina jin tsoro. Ba tsoron yunwa ba wannan karon, ita na saba da ita. Tsoro nake kada mutumin nan ya yarda da abin da na faɗa.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Ina kwance da asuba na ji ƙwas, ƙwas. Na leƙa. Ya ɗebi ruwa a bokiti yana jan shi da hannu ɗaya zuwa turke. Ya zauna kan kujerar tsuguno, ƙafar a gefe, ya wanke akuyar nan da sabulun wankina tun daga ƙaho har kofato. Tana ihu, yana ce mata ta yi haƙuri. Jan gashinta ya fito yana ƙyalli.

Na fito na ce, "Na ce ba zan kai ta ba."

Ya ce, "Na ji. Kwana takwas na ba ki ki sayar, ba ki sayar ba. Ni ban ce ki kai ba."

Na ce to wa zai kai. Ya ci gaba da tsane mata jiki. Ya ce Ƙauna ta goge masa farar rigarsa.

Ba a kira shi aiki ba. Ko gadi, ko tikiti. Ina tuna maka ne kawai, wa'adin gobe ne.

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Ƙarfe shida da rabi ya fito cikin farar riga, sanda a dama, igiya a hagu. Na ce bari a kira Keke. Ya ce a'a. Na ce daga nan zuwa coci mai ƙafa biyu lafiyayyu ma sai ya yi gumi. Ya ce, "Ƙasa kika ce in taka."

Na tura yara gaba tare da maƙwabta. Na ɗaura zanen Zumunta, ba don komai ba, shi ne a sama. Na bi shi a baya, nesa kaɗan, kamar hanya ce kawai ta haɗa mu.

Sodangi na buɗe rumfarsa ya hango mu. Ya taso da babur ya ce, "Ishaya, hau in kai ka, a aza ta tsakiya." Ya ce ya gode, yau da ƙafa zai je. Sodangi ya dube shi, ya dube ni, ya kashe babur ɗin. Ya ce, "Allah shi kai ka lahiya."

Ban taɓa sanin hanyar nan tana da tsawo haka ba. Ya yi taku kamar ashirin ya tsaya, ya yi ashirin ya tsaya. Rigar ta jiƙe ta manne a bayansa. Masu Keke suna rage gudu suna kira, yana ɗaga musu sanda. Ita kuma 'Yar Ja duk ganyen da ta gani sai ta ja. Kusa da shataletale ta hango ɓawon kankana ta fizge shi, ya tafi ƙasa gaba ɗaya, sanda ta yi gefe. Na ruga. Ya ce, "Kada ki taɓa ni, Damaris." Rabon da ya kira sunana tun kafin a haifi Ƙauna.

Na tsaya hannuna a sake ina kallo. Ya jawo sandar, ya kafa ta, ya dafa, ya zame. Ya sake kafawa. Mutane sun fara taruwa. A karo na uku ya miƙe. Bai saki igiyar ba duk abin nan. Ya kaɗe gwiwarsa, ya ci gaba.

Daga nan ban ƙara barin nisa tsakaninmu ba. Ina bayansa daf, ina kallon ƙafar da likita ya ce a yanke tana sauka a ƙasa, tana ɗagawa, tana sauka. Ban yi addu'a ba. Kuka dai na yi, na ce rana ce ta shiga idona, ko da yake ba wanda ya tambaya.

Mun isa wajen tara saura, an riga an fara shiga da kaya, ana kiɗa, masu dawa da masu kaji suna rawa a layi. A ƙofar coci akwai matakala uku. Ya tsaya gabansu. Sanda a hannu ɗaya, igiya a ɗaya, ba hannun da zai dafa bango. Yana ta haki. Sai ya miƙo min igiyar ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, "Riƙe min in hau."

Riƙe masa na yi. A rubuta haka. Ni ban kai ta ba. Ya hau ɗaya, ya hau biyu, ya hau uku, ya shiga, ita kuma ta bi shi, igiya tana hannuna, to yaya zan yi? Haka muka ratsa tsakiyar coci har gaban bagade, shi a gaba, ita a tsakiya, ni a baya. Mama Rifkatu ta rangaɗa guɗa, matan Zumunta suka ɗauka. Ban yi rawa ba. Wataƙila kafaɗata ta ɗan motsa, kiɗan ne da ƙarfi.

A gwanjo wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan gini ya saye ta, ya ji tana da ciki ya ce gonarsa zai kai ta. Aka ɗaure ta a bayan mota. Ba wanda ya ce a maido mana, kuma ban sa rai ba. Ta yi kuka sau biyu da motar ta tashi.

A Keke muka dawo. Gwiwar ta kumbura ta yi suntum. Na dafa ruwa ina gasa masa da tsumma. Can na ce, "Ƙafar nan ta yi tafiya yau."

Ya ce, "Rabinta ma ke nan."

Na ɗago a tsorace. Ashe dariya yake dannewa. Na ɗaka masa tsumman a cinya, ya yi ƙara, yara suka leƙo su ga ko lafiya. Ya cinye tuwonsa tas, har ya nemi ƙari, babu.

Litinin, 20 ga Nuwamba

Inji na nan a mace. Geron surfe zai kai mu Alhamis in an yi dabara. Hajjo ta miƙo ƙasari da safe, ta manta akuyar ta tafi, muka tsaya muna kallon kwanon ni da ita.

Na durƙusa da asuba da maganata a shirye, bel da faifai da buhu, ɗaya bayan ɗaya, yadda ba za ka ce ba ka gane ba. Na buɗe baki sai na ji na ce na gode da ka maido min da shi. Na jira in ƙara "amma", ba ta zo ba. Gajiyar jiya ce, ina jin.

Maganar bel tana nan, kada ka ɗauka na bar ta.